Lasifikar Hagu ta Alhaji Umara

"Baba, kayan nan lafiyarsu ƙalau."

Fanna na tsaye bayan labulen falo lokacin da Nuraddeen ya saki wannan magana. Ta roƙe shi fa. Jiya-jiya a bakin zaure ta ce masa ko me ya gani ya kama bakinsa, ya kwance ƙusa biyu ya mayar, ya ce wa mahaifinta an gyara. Amma ina, Nuraddeen da faɗin gaskiya kamar tare aka haife su.

"Me ka ce?" in ji Alhaji Umara.

"Na auna ta hagu, na auna ta dama, ƙarfinsu ɗaya. Ina ganin… kunnen ne ya kamata likita ya duba."



Duk Diffa an san Alhaji Umara, tsohon ma'aikacin duwan, wato kwastan, kuma an san kayan sautinsa. Lasifika biyu na katako, kowace ta kai masa ƙugu, da ampili, na'urar ƙara ƙarfin sauti, mai ƙwayaye da sai sun yi zafi kafin su ba da murya, da na'urar faifan garmaho da ya taho da ita daga Faransa tun yana saurayi. Kiɗan da yake ji kuwa na Turawan da ne, goge wajen arba'in da sarewa da piyano, babu waƙa. Maƙwabta suna tsokanarsa wai kiɗan da ko akuya ba za ta taka ba. Shi ko ko a jikinsa. Bayan la'asar zai zauna a kujerarsa da ke tsakiyar lasifikokin daidai, ya lumshe ido. Yakan ce in ɗaukar faifai ta yi kyau za ka ji inda kowane makaɗi yake zaune, ƙananan goge ta hagu, manya ta dama, har numfashin mai sarewa za ka ji kafin ya busa.

Tun ranar da bam ya tashi a kasuwa yana kusa, sai ya ce lasifikar hagu ta mutu, ƙananan gogen sun ɓace. Masu gyara uku suka zo, kowa ya canza waya ya ce an gama, ya zame. Na huɗunsu shi ne Nuraddeen, ɗan Damasak, wanda ya ƙetaro kogin Komadugu gudun hijira tare da mahaifiyarsa, akwatin kayan aikinsa a ka, ya kafa 'yar rumfar gyaran rediyo kusa da tasha. Mako uku yana zuwa gidan yana bin kayan waya-waya. A cikin mako ukun nan ne Fanna ta fara kai shayi falo ba a aike ta ba, har magana ta kai ga zai turo magabatansa bayan Sallah.

Alhaji ya miƙe a hankali.

"A ɗakina za ka ce mini kurma? Kwashe kayanka. Kada na sake ganin ƙafarka a gidan nan."

Nuraddeen ya kwashe. Da ya zo wucewa ta gefen labule ya ɗan tsaya, ya ce ƙasa-ƙasa, "Yi haƙuri, Fannata…"

Ta juya ta shige cikin gida tana kuka.

To, dama akwai mai jira. Rufa'i, ɗan ƙanin Alhaji, mai aiki da wata ƙungiyar agaji, ga mota ga turare, ya daɗe yana son Fanna ita kuwa ko gaisuwarsa da ƙyar take amsawa. Shi ya dinga zuga baffan nasa cewa yaron ne ya lalata kayan, ya ɗora wa kunne don ya rufe ɓarnarsa. Bai tsaya nan ba, ya bi majalisu yana cewa waɗannan 'yan ƙetaren wa ya san asalinsu. A Diffar wancan lokaci kuwa, irin wannan magana ta isa ta kashe wa mutum kasuwa. Kafin wata ya cika babu mai kai wa Nuraddeen ko tocila. Ya rufe rumfa ya tafi Geskeru gyaran injinan ban ruwa a gonakin tattasai, can bakin kogi inda kowa ke tsoron zuwa.

Wayyo Fanna. Abinci ya fita ranta, hira ta fita ranta. Da hantsi in Alhaji ya fita sai ta shiga falo da sunan goge ƙura, ta tsuguna bayan ampilin inda Nuraddeen ke tsugunawa, tana shaƙar ɗan warin dalmar da ya rage. Duk motar tattasai da ta shigo gari sai gabanta ya faɗi. In an ce an ji harbi ta gabas, ranar ba ta iya haɗiye ko ruwa. Mahaifiyarta Yakaka ta yi lallashin, ta yi faɗan, daga baya ta bar ta da Allah.

Rezon waya a can sai an hau tudu ake samu. Sau ɗaya tak kiransa ya shigo cikin wata biyu.

"Fannata, har yanzu fushi kike?"

"Fushi nake. Ƙarya ɗaya na roƙe ka, guda ɗaya…"

"Da na yi ta, kullum na gaishe shi sai na sunkuyar da kai. Ni kuma so nake na zama ɗansa."

"Ina kewarka, Nuru. Wallahi ina kewarka."

Ba ta san ko ya ji ba, layin ya riga ya yanke.

Ana nan sai Rufa'i ya iso da sababbin lasifika daga Kano, baƙaƙe masu walƙiya, ya ce yau za a ga ƙaryar ɗan Damasak. Aka ture tsofaffin gefe, aka jona sababbin. Bayan la'asar Alhaji ya zaro faifan da ya fi so, ya goge shi da ƙyalle, ya ɗora allura. Kiɗa ya tashi. Rufa'i sai washe baki yake yana cewa ai hagu ta dawo, ko daga zaure ana jinta. Alhaji dai ya sallame shi da godiya, ya koma ya zauna, faifan na ta juyawa.

Fanna na kallon fuskar mahaifinta ta ƙofa. Ba ta taɓa ganinsa ya tsufa irin na ranar ba. Tausayinsa ya kama ta, haushinsa ma ya kama ta, ta shiga ta durƙusa a gabansa.

"Baba, abu ɗaya zan roƙa. In ka yi, ko me ka yanke a kaina na yarda."

"Ina jinki."

"Ka juya kujerar. Ka ba su baya."

Ya dube ta kamar zai daka mata tsawa. Can sai ya tashi, ya ja kujerar da kansa ya juya ta, ya zauna yana fuskantar bango.

Lasifikar hagu ta koma saitin kunnensa na dama. Sai ga ƙananan gogen nan tar, siririyar muryarsu da ya shekara biyu yana nema, suna kuka a bayansa kamar ba su taɓa tafiya ba. Manyan gogen kuma, da kullum yake ji, su ne suka dusashe.

Har faifan ya ƙare bai motsa ba. Hawaye na bin gemunsa.

"Tun yaushe kuka sani?"

"Tun ranar kasuwa, Baba. Duk gidan."

"Duk gidan," ya maimaita. "Amma babu wanda ya faɗa mini sai baƙo."

Washegari ya sa aka mayar wa Rufa'i kayansa, tare da saƙon cewa ya bi majalisun da ya ɓata sunan yaron ya gyara, in ba haka ba kada ya sake kiransa Baba. Ya je asibiti, likita ya duba ya ce kunnen hagu ya tafi, sai dai a kiyaye na dama. Daga can bai zarce gida ba, ya wuce tasha da ƙafarsa ya nemi direban da ke ɗauko tattasai daga Geskeru, ya ba shi saƙo.

Kwana huɗu babu labari. Fanna ta ƙirga su da sallolinta, kowace sujada da sunan mutum ɗaya. Ran na biyar da hantsi aka yi sallama a zaure, ta gane muryar tun kafin ya rufe baki. Ya rame, rana ta ƙona shi, hannuwansa duk baƙin mai. Ita kam ba ta taɓa ganin wanda ya kai shi kyau ba.

Ya durƙusa a falo ya gaida Alhaji. Tsohon ya ce ya zalunce shi, ya yafe masa. Nuraddeen ya ce babu komai tsakanin ɗa da uba. Ya matsa gaban ampilin ya karkatar da ƙarfin sautin zuwa hagu kaɗan-kaɗan, yana tambaya, Alhaji na girgiza kai, har can ya ɗaga hannu ya ce ya isa. Ba kamar da ba ne, in ji shi, amma makaɗan sun koma wurarensu.

Nuraddeen ya tashi zai yi sallama.

"Tsaya," in ji Alhaji. "Fanna, shigo, na san kina nan."

Ta shigo kanta a ƙasa.

"Ka ce wa magabatanka su zo ran Juma'a bayan masallaci. Kuma ka gaya musu su zauna ta damana, don kada gobe na ce ban ji abin da suka zo nema ba."