Hanyar da Muka Ɓoye

Nicanor ya shimfiɗa taswirar a kan murfin injin motarsa, ya danne gefenta da kofin kofi saboda iska. Ko kallona bai yi ba.

"Eufemia, zo ki gani."

Tunda muka saba, Femia yake ce min. Na matso, ragamar goɗiyata a hannu.

Ya ɗora yatsa a kan wani jan layi.

"Wannan ce hanyar da kika bi da ni ranar Talata. Matar ofishin daji ta ce mil biyun farko duk a cikin gonar Wendell Stroud suke. Hanyar da ta faro daga filin wani ba ta shiga taswirar gwamnati."

Na dubi jan layin.

"Ranar Litinin za su rufe karɓar taswira, yau Alhamis. Ki faɗa min gaskiya... ta nan kakanninku suke hawa Fadamar Sama?"

"A'a."

"Kina sane kika bi da ni ta can?"

Na gyaɗa kai, idona a ƙasa.

Ya naɗe taswirar a hankali. Da ya yi min faɗa da ya fi min sauƙi.

"Hanya goma sha ɗaya muka bi tare, Femia. Da kin ce min wannan ba za ki nuna ba, Allah ya sani ba zan matsa miki ba. Amma ki sa ni a gaba yini guda kina min murmushi..."

Bai ƙarasa ba. Ya shiga mota ya ja, ya bar ni tsaye a bakin coci.

Ƙauyenmu a gindin duwatsun arewacin New Mexico yake, dajin da ke samanmu kuwa na gwamnati ne, na kowa da kowa. A farkon shekara ofishin daji ya sanar cewa duk hanyar dokin da ba ta shiga taswira ba zuwa ƙarshen Satumba, an rufe ta. Ƙungiyar mahaya ta turo Nicanor Jaramillo ya zana namu. Ya zo da wata 'yar na'ura mai kama da waya, wadda ke rubuta duk inda doki ya taka, amma bai san daji ba. Dattawa suka haɗa shi da ni, don tun ina shekara shida nake bin Baba a sirdi.

Ni ba mai magana ba ce. Ko a shago aka tambaye ni abu sai kunnuwana su yi zafi. Nicanor ne mutum na farko da ya yi min tambaya ya kuma tsaya jiran amsa, ko da za ta kai rabin mil kafin ta fito. A hanya ta huɗu na ce masa yana zama a sirdi kamar buhun wake. Ya yi dariya har hularsa ta faɗi a rafi. A ta tara ya riƙe min likkafa zan hau, ya ce, "Zuciyata, idan hanyoyin suka ƙare wane dalili zan kawo in dinga zuwa?"

Sai ga ta goma sha biyu.

Fadamar Sama ita ce inda muke kai shanu da bazara, can ne ruwan da ba ya ƙafewa. Hanyarta ba a nuna wa baƙo, haka muka taso muka gani. Daren jajibirin tafiyar ba a yi dogon zance ba, da safe ne Baba ya tare ni ina ɗaura sirdi.

"Ki bi da shi ta ƙofar Wendell."

"Baba, ai ba ita ce..."

"Kakana yana da fili daga rafi har dutse. Wasu suka zo da sarƙar awo da takarda, suka ce taimako ne. Da suka tafi, filin ya bi su. Wendell ya ba ni hannu, ya ce ƙofarsa a buɗe take gare mu har abada. Me za mu yi da taswira?"

Ban taɓa yi wa Baba musu ba. Na bi da Nicanor ta ƙofar Wendell.

Wendell daga Texas ya zo shekara biyar da suka wuce, ya sayi gonar da ke manne da dajin. Ba ya kiwo, mafarautan birni yake kaiwa harbin barewa. Tun bara yake zarya gidanmu saboda ni, yau linzami sabo, gobe buhun hatsin doki. Baba yana son sa saboda yana cire hula idan zai gaishe shi.

Ranar Juma'a da hantsi ya same ni ina goge goɗiyata, ya jingina da shinge.

"Na ji ɗan taswira ya yi fushi."

Na ci gaba da goge goɗiyar.

"Rabu da shi, kyakkyawa. Mutumin da ba ya iya bambance gaban doki da bayansa sai ya duba waya." Ya yi dariya shi kaɗai. "Bari in faɗa miki wani abu, tsakaninmu. Daga Litinin ƙofa ɗaya ce za ta rage zuwa Fadamar Sama, kuma tawa ce. Kin san abin da mafarauci zai biya ya shiga dajin da babu kowa? Ki amince min kawai, makullin a hannunki zai zauna."

Hannuna ya tsaya a bayan goɗiyar.

"In ban amince ba fa?"

"Haba, wa yake maganar haka?" Ya gyara hularsa. "Za ki amince."

Da rana na kai wa Baba wake da tortila, gurasarmu ta masara, na tsaya a kansa har ya ɗago. Na faɗa masa komai.

"Wasa yake miki, irin na masu neman aure."

"Baba, ba wasa a idonsa."

"Namiji ya ba ni hannu, 'yata. Wancan yaron me ya ba ni? Layi a takarda. Gobe ki ga 'yan birni da kekuna da karnuka suna wanka a ruwan shanunmu."

"In an rufe hanyar, su ma shanun ta ina za su sha?"

Ya ajiye cokali. Bai taɓa jin na mayar masa da magana ba, ni ma ban taɓa ji ba.

"Ɗauke kwanon nan."

Asabar da sassafe na ɗaura sirdi biyu. Baba yana zaune a baranda da kofinsa, ya gan ni na fita ina jan doki na biyu. Bai kira ni ba, ni ma ban waiwaya ba.

Na tarar da Nicanor a filin wasan ƙauye inda ya yi zango, yana loda kayansa a mota. Ya dube ni, ya dubi dokin.

"Me kuma?"

"Ka san ban iya magana ba. Hau."

"Femia, na gaji da..."

"Kunna na'urarka. Hau."

Ya daɗe yana kallona kafin ya sa ƙafa a likkafa.

Bakin hanyar a bayan makabarta yake, a kan wani faffaɗan falalen dutse. Da muka hau na ce masa, "Kar ka bi sawuna. Yi hagu, mu haɗu a gindin itacen can mai rassa biyu."

"Saboda me?"

"Haka ake yi. Ba a bi wuri ɗaya sau biyu a nan, don kada sawu ya fito."

Muka shiga cikin dogayen itatuwa, muna hawa. Awa guda ba abin da ake ji sai ƙarar kofato da numfashin dawaki. Ina jin sa a bayana yana waige-waige. A gefen wani kwazazzabo ya ja linzami.

"Tsaya. Na'ura ta ce a filin gwamnati muke, na yarda. Amma ofis ba zai karɓi layi kawai ba, sai da shaidar cewa tsohuwar hanya ce. Duk sauran akwai saran gatari a jikin itatuwa. Nan ban ga ko ɗaya ba." Muryarsa ta yi ƙasa. "Kar ki sake yi min haka, don Allah. Ba zan iya ɗauka sau biyu ba."

Hawaye suka cika min ido.

"Juya."

"Mu koma?"

"A'a. Juya a kan sirdin, ka kalli inda muka fito."

Ya dafa bayan sirdi ya juya.

Ga su nan a jere har iya ganin ido, kowane itace da saransa, gajere a sama, dogo a ƙasa. Wasu sun tsufa har ɓawo ya kusa haɗiye su.

"Namu a bayan itace ake sara," na ce. "Mai hawa ba ya gani. Sai mai saukowa, wanda dusar ƙanƙara ta kama a sama da shanu, shi ne yake buƙata."

Ya sauka daga doki, ya je ya sa tafin hannunsa a kan ɗaya. Ya daɗe a haka.

"Wa ya sari wannan?"

"Kakan Baba, ina jin. Na can ƙasa mai sabon baki, ni ce."

Ya ɗauki hotunansu ɗaya bayan ɗaya, har sama da sittin. Sai da muka fito fadamar, ciyawa har cikin dawaki, sannan ya zo ya tsaya a gefen goɗiyata.

"Babanki ya san kin kawo ni?"

"Ya gan ni na fito."

"Me zai yi miki?"

"Ban sani ba." Na share fuskata da hannun riga. "Ka yafe min, Nico. Yinin nan na Talata, kowane murmushi sai da ya ƙona ni."

Ya kama hannuna ya riƙe da nasa biyu.

"Ya wuce, zuciyata. Ni ma na yi sauri, ban tambaye ki dalili ba." Ya dubi na'urarsa. "Amma saura abu ɗaya. Takardar tana son sa hannun dattijo wanda ya bi hanyar fiye da shekara hamsin."

A ƙauyenmu mutum biyu ne suka rage. Ɗaya ba ya gane ko 'ya'yansa. Ɗayan Baba ne.

Ranar Lahadi bayan coci Baba ya miƙo min makullin mota, don idonsa ba ya ganin titi sosai.

"Kai ni wurin Wendell."

Na tsaya a mota, gilashi a ƙasa. Wendell ya fito ya cire hula kamar kullum, ya gaida Baba da sunansa.

"Don Eloy, sannu da zuwa. Kofi?"

"A'a. Maganar ƙofa. Ina so ka rubuta min a takarda cewa a buɗe take ga ƙauyenmu, ko kana nan ko ka sayar."

Wendell ya yi dariya.

"Kai da ka tsani takarda? Tsakanina da kai har sai an rubuta?"

"Layi biyu ne. Ga biro."

"Sai na tambayi lauyana... ka bari sai wani satin."

"Bayan Litinin kenan."

Wendell ya juyo yana kallona.

Baba ya mayar da biron aljihu, ya dawo mota. Na ja muka koma gida. A bakin ƙofa ya ce, "Linzamin nan da ya kawo miki, ki sa a buhu. Zan aika masa."

Litinin ƙarfe tara muna ofishin daji, Baba da farar rigarsa ta zuwa coci. Nicanor ya miƙe da ya gan mu, ya rasa inda zai sa hannunsa. Matar ofishin ta jera hotunan a tebur. Baba ya bi su da yatsa, yana faɗin wanda ya sari kowanne. Da ta tura masa takardar ya riƙe biro bai rubuta ba.

"Yaro."

"Na'am, Don Eloy."

"Baƙi za su zo?"

"Za su zo. Ba zan yi maka ƙarya ba."

"Za su bar shara."

"Wasu za su bari. Zan kwashe."

"Kullum?"

Nicanor ya dube ni, fuskarsa ta yi ja.

"In ka ba ni izinin zama kusa... kullum."

Na sunkuyar da kai, na ji kamar in shige ƙarƙashin tebur. Baba ya yi ƙwafa, ya sa hannu da manyan baƙaƙe, a hankali, har da sunan mahaifinsa.

An ɗaura aurenmu a watan Yuni. Wendell ya rufe ƙofarsa da sarƙa tun kafin sanyi ya shigo, ba kuwa wanda ya je ya roƙe shi. Mako guda bayan biki muka kora shanu sama ta bayan makabarta, ni da Nico da Baba. A rabin hanya muka haɗu da wasu mata biyu daga birni a kan dawakin haya, taswira a hannun ɗaya, suna tambaya ko ruwa yana da nisa.

Baba ya ƙare musu kallo daga hula har likkafa.

"Ɗamarar sirdinki ta yi sako-sako, za ki faɗi," ya ce wa ta gaban. "Sauko in gyara miki. Sannan ku biyo bayanmu, kar ku shiga tsakiyar shanu."