Ganyen Turare a Ketubar Tirza

Tirza na durƙushe a falonsu da ke unguwar Caulfield tana ƙarasa zanen ketubarta, takardar da ake rubuta alƙawuran ango ga amarya. Sana'arta ke nan, ƙawata takardun auren mutane. Tata kuwa ta kewaye ta da ganyen turare da furanni ruwan ɗorawa, irin na gonar da mahaifiyarta ta tashi a cikinta a yankin Gippsland kafin ta karɓi addinin Yahudu.

Saurayinta Gilad ya shigo da mahaifinsa, dattijo Zalman. Tsohon ya daɗe yana kallon zanen.

"Ina rumman? Ina inabi, itatuwan kakanninmu?"

"Abba, itatuwan ƙasar nan ne," in ji Gilad.

"Itatuwan gidan uwarta dai. Wannan za ka rataye wa jikokina, kullum su ga inda ta fito?"

Mahaifiyar Tirza na kicin tana kwaɓa burodin Asabar. Ta ji komai, ba ta fito ba.

"Zan sake wani, Abba," in ji Tirza.

"Zanen kam kya sake," in ji tsohon.

Aka ɗage biki, ba a sa wata rana ba. Gilad ya roƙi tsohon, rabbi, malaminsu na addini, ya sa baki, ko gezau. Wata rana a tashar taragu Gilad ya ce, "Mu ɗaura abinmu kawai, Tirza. Na gaji."

"Ka tsaya ƙarƙashin rumfar aure babu mahaifinka? Ba za ka yafe mini ba."

"To me zan yi?"

"Ni ma ban sani ba."

Haka ta ci gaba da rubuta sunayen amaren wasu, tana kau da fuska kada hawaye ya ɓata tawada. Mahaifiyarta ta rame, kullum sai ta ce, "Ni na ja miki." Tirza kuwa sai ta rungume ta.

Ana nan auren Dalit, ƙanwar Gilad, ya taso. Dalit ta zo wurin Tirza a kunyace, tana neman ketuba.

"Na san bai kamata in tambaye ki ba..."

"Zauna, sarkin kuka. Wane launi kike so?"

Ta zana mata rumman da inabi. Da ciwon wuyan hannu ya kama ta, mahaifiyarta ce ta riƙa dama mata launi, ita ta gyara mata kuskure a rubutun ketubar na harshen Aramaik.

Ranar biki Dalit ta faɗa wa mahaifinta hannuwan da suka yi aikin. Zalman ya ɗaga kai ya hango su, uwa da 'ya, a kujerun ƙarshe kusa da ƙofa. Ya ratsa taron da sandarsa ya tsaya gaban uwar.

"Na ci zarafinki a cikin gidanki," ya ce. "Ku dawo gaba, nan ne wurin dangi."

Bayan Idin Ƙetarewa na Yahudawa aka ɗaura auren Tirza da Gilad.

Wanda aka wulaƙanta bai rama ba, ya ci gaba da kyautatawa, yakan daɗe yana kuka, amma ba ya taɓewa.