Bango Guda Cikin Huɗu

Abin da na rasa shi ne bango guda cikin huɗu na ɗakina, da cin tuwo ƙwarya guda da ɗiyata Furera. Abin da na samu, ita Furerar da ranta, da bango ukku masu fenti waɗanda har yau babu irinsu a unguwarmu ta Madawa. Ni Zaliha mai albasa, shekara ashirin ina bakin tasha, ba a taɓa cewa an kwashe ni a ciniki ba. Wanga cinikin kaɗai ne in na tuna nike tofar da yawu.

Ɗakin na uwar mijina ne, Biba. Kowace shekara bayan girbi sai ta kwaɓa laka da kashin shanu ɗanye, ta yaɓe bangon da tafin hannunta. Tun ina amarya nike ƙyamar warin nan. Ta rasu, mijina Mutari ya hana a taɓa ɗakin, shi ma ya bi ta. Shekara biyu bayan babban farin nan na shekarar tamanin da huɗu, ɗana Lurwanu mai tuƙa kamyo, babbar motar kaya, zuwa Abijan ya kawo mini bido biyu, wato jarka biyu, na fenti. Ba ja ba ne, ba shuɗi ba, wani shunayya ne mai sanyi wanda ya ɗan kwanta, kamar ɓawon albasar da ta yi wata ukku a rumbu. Anka shafe shatin yatsun Biba da siminti, anka bi da fenti. Mata sunka yi ta shigowa kallo, ni kuwa ina zaune bisa gado ina amsa barka.

Ran na bakwai da yin fentin, da magariba, kaji sun shiga akurki, gari ya yi tsit. Muna tsakar gida ni da Furera, mun sa hannu cikin tuwo, sai wani abu ya faɗo tim a tsakiyar ƙwaryar. Kashin saniya ne, ɗanye, yana tururi. Mu kuwa ko akuya ba mu da ita tun shekarar farin nan.

Haka kullum in rana ta faɗi. Fentin ya fara kumbura, ƙuraje-ƙuraje kamar bayan mai ƙazwa. In na latsa guda da yatsa sai ya fashe, wani baƙin ruwa ya gangaro, warinsa kamar mushen da ya kwana biyu a rana. Ƙudaje sunka cika ɗakin. Na wanke, na turara, na hana kowa shigowa, don gara in shaƙi ɗoyi da a ce Zaliha ta yi abin kunya.

Sannan wata magariba na iske Furera, budurwa mai shekara goma sha shidda, durƙushe gaban bangon yamma tana kankarar fenti da haƙori. Bakinta duk shunayya da jini. Ta waigo ta dube ni, ta yi tsaki irin na tsofaffi.

Lurwanu ya tahi Urno ya ɗauko Malam Hamani, dattijon da ake kai wa masu iska. Ya zo bayan la'asar, ya zauna bisa buzu, ya yi ta karatu a hankali har inuwa ta cinye tsakar gida. Furera ta miƙe zaune, ta yi magana da muryar da ba tata ba, murya mai kaushi kamar ana jan turmi.

Ta ce ita tsohuwar aljana ce musulma, kuma tana cikin bangon nan tun kafin a haifi Mutari. Biba ta san da ita. Shatin yatsun nan hanyoyinta ne, warin kashin shanu shi ne iskar da take shaƙa. Yanzu an toshe mata ko'ina da wani abu mai warin pitirol, jikokinta na amai, shi ya sa ta fito ta shiga inda ta samu ƙofa.

"Kazamiya," ta ce mini. "Kin shafa wa gidana kalar hantar da ta ruɓe."

Ni, wai ni ce kazamiya, a bakin mai kwana cikin kashi.

Malam ya tambaye ta mi take so ta bar yarinyar. Ta ce a kankare bango huɗu duka, a maida yaɓe. Malam ya buɗe baki zai ce an yarda, sai na ji nawa bakin ya riga shi.

"Albarka. Daga ƙasa zuwa gwiwa, bango guda."

Kan Furera ya bugi daɓe. Tsohuwar ta ce ukku. Na ce zuwa ƙugu. Kan ya sake bugun daɓe. Malam ya dube ni ya ce, "Zaliha, ki ji tsoron Allah, ba buhun albasa ne gabanki ba." Na ji shi sarai. Amma na ga tsohuwar ta fara sassautowa, kuma wanda ya saba da kasuwa ya san ba a sakin mai saye a daidai nan. Ta ce biyu. Na ce ta tambayi gari in Zaliha ta taɓa raba kaya biyu da wani. Goshin ɗiyata ya tsage, jini ya bi ta gefen hanci.

Da munka daidaita, Furera ta yi atishawa ukku, ta zube. Ƙudajen sunka watse kafin a kira isha'i. Malam Hamani ya naɗe buzunsa, ko ruwan gidana bai sha ba.

Da safe na kai wa Furera kunu. Ta karɓa, ba ta dube ni ba.

"Inna, ina ji hwa. Duk ina ji. Sau ukku kinka ce a'a."

Tun ran nan take zuba tuwonta daban. Ta yi aure a Ibohamane, tana aiko mini da gaisuwa da man shanu, amma in ta zo ba ta kwana ɗakin.

Ga abin da na sallama a kai, kowa ya ji. Bangon yamma, daga ƙasa har rufi. Ni zan kankare shi, ni zan yaɓe shi da kashin shanu ɗanye kowace shekara bayan girbi, da hannuna tsirara, ba ɗan ƙodago, ba tsumma, har ran da za a fitar da ni. Huɗu ta nema. Guda na ba ta.