Faifan Bintu da Jirgin Azahar

Da hantsi Wilfred, ma'aikacin gidan rediyo, ya buɗe akwatinsa a masaukin baƙi na Nguru, ya tarar kwalin faifan Bintu wayam. Mawaƙa shida ya ɗauka a faifai tsakanin Gashua da nan. Jirgin ƙasa na azahar zai tafi da faya-fayan, alƙalan rediyo su saurara su zaɓi ɗaya, a kai shi gasar waƙa ƙasar waje. Faifan da bai hau jirgin ba, mai shi ya fita ke nan.

Bintu daga Dagona ta biyo su, don ta ga tashin jirgin da idonta. Da ta ji labari, ta zauna a ƙasa tana hawaye.

Hajja Suwaibatu mai dafa wa baƙi abinci ta ajiye ludayi ta zo.

"Kuka ba ya nemo kaya, 'yata. Wilfred, miƙo kwalin."

Ta juya shi, ta sansana, ta kankare wani ɗan baƙi da farce. Sai ta dubi Wilfred.

"Wa ya shiga ɗakin?"

"Mama, jiya da la'asar mutum uku. Abatcha direba, Ajimi mai goge, sai Bobboi makaɗin Bintu. Na fita sayen batir na bar su."

Ta fara da direba. "Abatcha, nuna hannu."

"Hajja, ni da na kwaso su tun daga Gashua?"

"Hannu na ce, ba tarihi ba."

Baƙin mai ne duk a farcensa, yana warin gas. Kwalin kuwa ba ya wari. Ta sallame shi.

Ajimi shi kowa ke harara, don shi ma da nasa faifan, kuma an san Bintu ta fi shi murya.

"Wallahi Hajja, na so ta faɗi," in ji shi, "amma ban taɓa ba."

"Allah Ya shirye ka. Me kake shafa wa gogenka?"

Ya ciro ƙaro. Ta murza, farin gari ya fito. Ta kaɗe hannu.

Sai ta juya. "Bobboi, yarinyar nan zuciyarta ta karye. Buga mata dundufa mana."

"Hajja, yatsa ke mini ciwo."

"Da ɗayan hannun."

Ya jawo doguwar gangar ya buga. Sautin ya fito dum, kamar an doki buhun gero. Bintu ta ɗaga kai.

"Baba Bobboi, me ya sami gangarka?"

Hajja ta kwantar da dundufar, ta zura hannu ta gindi, ta zaro tsumma. Faifan na naɗe a ciki.

"Innalillahi!" in ji Bintu.

Wilfred ya ce, "Mama, ya kika gane?"

"Baƙin da ke jikin kwalin nake ne, danƙon da makaɗa ke liƙa wa fatar ganga. Duk wanda ya murza shi sai ya bar sawu. Direba mai ne, mai goge farin gari. Sannan tun safe ana shirin rakiya, Bobboi bai taɓa ganga ba. Mutumin da ko akuya ta haihu sai ya buga!"

Bobboi ya durƙusa. "Jiya Wilfred ya ce in an zaɓe ta, ita kaɗai za ta tafi, makaɗan rediyo su buga mata. Shekara goma sha ɗaya ina bayanta, Hajja."

"Shi ya sa ka tare mata hanya? Ka ji tsoron Allah."

Wilfred ya ce a kira ɗan sanda. Bintu ta ce a'a. Ta rungume faifan, ta dubi Bobboi.

"Gangarka ce a ciki, Baba. Da ya tafi, kai ma za su ji ka."

Ya rufe fuska da hula.

Hajja ta ɗauki ludayinta. "Abatcha, ta da mota. Jirgi ba ya jiran mai kuka, ni ma tuwona na kan wuta."