Jirgi Mai Farfela Biyu

Tas!

Fiffiken ne ya fara faɗowa a gaban ƙafarta, kafin gangar jikin ɗan jirgin katakon ta daki bango ta tarwatse.

Tiren ruwan da ke hannun Huraira ya kusa suɓucewa.

"Baba...!"

"Fita!"

Alhaji Maje ko kallonta bai yi ba. Saurayinta Misbahu yake nunawa da yatsa.

"Fitar min daga gida na ce!"

Misbahu na durƙushe a bakin tabarma, kwalin da ya ɗauko jirgin a ciki har yanzu yana hannunsa.

"Allah ya huci zuciyarka, Baba. Kyauta ce na..."

"Kyauta? Wannan ce kyautar? A gidana?"

Tun da Huraira ta yi wayo ba ta taɓa jin muryar mahaifinta ta kai haka ba. Mutumin da ko akuya ce ta shigo ta yi ɓarna, sai dai ya ce a kore ta a hankali.

Misbahu ya miƙe. Ya dube ta sau ɗaya, idanunsa jajir, ya fice ko takalmi bai gama sawa ba.

Sai ga Rabi'u ya ɗaga labule, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa. Ɗan ƙanwar Baba ne, sabon kansila, tun da aka zaɓe shi babbar riga ba ta sake barin jikinsa ba. Ya daɗe yana neman Huraira, ita kuwa ta daɗe da gaya masa Yaya ta ɗauke shi.

Ya dubi tarkacen da ke ƙasa ya girgiza kai.

"Ai na faɗa, Kawu. Mutum da gemunsa yana wasan kara!"

Baba ya zauna daɓas, yana numfashi sama-sama.

"Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci, a mayar musu da kayan gaisuwarsu. Na fasa."

Huraira ta durƙusa tana tsince gutsattsarin a gefen mayafinta, hawaye na ɗiga a kan koren fentin da ita da kanta ta shafa.

Misbahu malamin zane ne a wata sakandare a Tarauni. Tun yana yaro da karan dawa ya fara ƙera jirage, da ya girma ya koma sassaƙa su da itacen rimi saboda rashin nauyinsa. Hotunan jiragen yaƙi yake nema a tsofaffin mujallu, ya auna da rula, ya rage girman, ya goge da sanfefa har sai jikin ya yi sul. Fenti kuwa ragowar na masu fesa mota yake roƙa a Gyaɗi-Gyaɗi, a hanyar ma ya fara ganinta.

Wasu samarin turare suke kawowa zance. Shi gwangwanin fenti.

Da ya ga zanen lallen da take yi wa amare, ya ce hannunta ba ya rawa, nasa kuwa yana yi. Daga ranar duk wani siririn layi ita take ja masa a soro.

Wannan jirgin mai farfela biyu shi ya fi cin lokacinsu. Misbahu ya ce da shi zai wanke kansa a wurin Baba, wanda dama bai cika son sana'ar banzar nan ba, kamar yadda yake kiranta.

* * *

A kicin ta sami Inna tana tsince shinkafa.

"Inna, don Allah me ya yi? Me jirgin katako ya yi wa Baba?"

Inna ta ɗago ta dubi ƙofa.

"Tura ƙofar nan."

Ta tura.

"Kin san Baffanki Inuwa a kudu ya rasu."

"Haka nake ji."

"Lokacin yaƙin basasa babanki direba ne. Babbar mota gare shi mai bodin katako, aka ɗauke shi haya yana kai abinci bakin daga. Inuwa ƙaninsa ne, ciki ɗaya, tare suke tafiya suna karɓar juna a tuƙi. Wata rana babanki ya sauka yin alwala a bakin rafi, Inuwa na barci a mota..."

Ta ture wata tsakuwa gefe.

"Jirgi ya zo. Mai farfela biyu. Har yau bai san na wane ɓangare ba ne. Yana tsaye da buta a hannu motar ta ƙone."

Huraira ta toshe bakinta.

"Innalillahi..."

"Ni ma ba daga bakinsa na ji ba, Gwaggonki ce ta gaya min. Mutumin da ko Makka sai da aka yi da gaske ya yarda ya hau jirgi? Haba! Shi yaron nan, a duk jiragen duniya ya rasa wanda zai kawo sai wannan?"

Huraira ta kwana tana juya tambayar a ranta.

* * *

Washegari da hantsi ta ce za ta kai wa wata amarya lalle, ta tare ɗan acaɓa sai Tarauni. Duk shagon da suka wuce rediyo maganar miƙa mulki take yi, ana cewa soja za su koma bariki. Ita ko a jikinta.

Ɗan shagon da Misbahu ya kama a bayan kasuwa a buɗe yake. Da, jirage ne rataye da zare daga rufi, iska na juya su. Yau sai zaren kawai ke lilo.

Yana tsugune yana jera su a buhu.

"Me kake yi?"

Ya waiwayo a firgice.

"Hurairata... me ya kawo ki? In aka gan ki fa?"

"Na ce me kake yi?"

"Abin da ya kamata in yi tuntuni."

Ta tsaya a bakin ƙofa, ta gaya masa duk abin da Inna ta faɗa. Tana magana fuskarsa na canjawa, har ya zame ya zauna a ƙasa.

"Wayyo Allah! Ni na kai masa wannan? Da hannuna?"

"Wa ya ce ka yi shi?"

Ya kau da kai.

"Misbahu, wa ya zaɓa maka wannan jirgin?"

"Bar maganar, Huraira."

"Wallahi ba zan bari ba!"

Ya sunkuyar da kai.

"Rabi'u ne. Ya zo nan da kansa, ya ce ya haƙura, yana son ya taimake ni. Ya ce a irin jirgin nan aka dawo da Baba gida bayan yaƙi, kullum yana yabonsa. A mujalla ma shi ya nuna min da yatsa."

Huraira ta buga ƙafa a ƙasa.

"Munafuki! Tashi mu je ka faɗa!"

"A'a."

"A'a?"

"Ɗan ƙanwarsa ne. In raba shi da 'yarsa bai isa ba, sai na haɗa shi da ɗan 'yar uwarsa? Kuma ko na faɗa, me zai canja? Baba ya fi ni gaskiya. Yaya zai shigo gidan 'yarsa ya ɗaga kai ya ga abin da ya kashe masa ƙani yana lilo a kansa?"

"To sai me?"

"Ranar Juma'a zan kai su ƙofar gidanku in ƙona a gabansa. Dukkansu."

Ta dubi buhun. Akwai wanda ya yi tun yana aji uku, akwai wanda ya sassaƙa a asibiti yana jinyar mahaifinsa.

"Ba za ka iya ba..."

"Ke ce ba zan iya rasawa ba, hasken idona. Waɗannan itace ne."

Ya faɗa yana murmushi. Amma ta ga yadda ya sa hannu ya gyara wa na saman kwanciya, kada fiffikensa ya karye a buhun da za a ƙona.

Ta juya da sauri don kada ya ga fuskarta.

* * *

Ranar Juma'a gari ya yi lumshi, hadari ya haɗu ya ƙi zubowa.

An sauko daga masallaci. Kayan gaisuwa na jere a soro, Rabi'u da kansa ya ce a motarsa za a sa su. Huraira na tsaye a bayan ƙyaure, tun safe ko ruwa bai wuce mata ba.

Sai ta ji ƙarar baro.

Misbahu ne yake turowa, buhu biyu a kai, galan ɗin kananzir a gefe. Ya tsaya a gaban dakalin da Baba ke zaune, ya cire takalmi ya durƙusa.

"Ban ce kada in sake ganinka ba?"

"Ka faɗa, Baba. Ban zo roƙon komai ba. Na ɓata maka cikin rashin sani, na zo in kawar da abin da ya jawo."

Ya zazzage buhunan a ƙasa.

Jirage suka zube. Kore, ruwan toka, mai ruwan ƙasa, wani da tsini kamar mashi, wani mai fiffike hawa biyu. Masu wucewa suka fara tsayawa.

Ya buɗe galan ya tuttula.

Warin kananzir ya cika layin.

Huraira ta ga hannun Baba ya damƙe bakin dakali.

Misbahu ya laluba aljihunsa na dama, ya laluba na hagu. Babu ashana.

"Ungo, Malam." Rabi'u ya miƙo ashana yana dariya. "Aikin alheri ba a jinkirta shi."

Ba ta san lokacin da ta banko ƙyauren ba.

"Kai ne za ka ba shi ashana, Yaya Rabi'u? Bayan kai ka ba shi hoton?"

"Huraira, koma ciki!" in ji Misbahu.

"Ba zan koma ba!" Ta zube a gaban mahaifinta. "Baba, ka yanka ni in ka so, amma sai na faɗa. Shi ya je har Tarauni ya ce a irin jirgin aka dawo da kai gida. Misbahu bai san komai ba. Ni ma ban sani ba, Baba... ni na yi masa fenti! Da hannuna!"

"Ƙarya take yi, Kawu! Soyayya ce ta..."

Baba ya ɗaga hannu, ya dubi Misbahu.

"Haka ne?"

Misbahu ya dubi ƙasa.

"Laifina ne, Baba. Da na tambaya."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

Baba ya juya ga Rabi'u, ya daɗe yana kallonsa.

"Mutum biyu na gaya wa maganar nan a duniya. Ɗaya ya mutu. Ɗayar ita ta haife ka."



"Kawunka ne fa ya ƙone a motar, Rabi'u. Da shi ka yi farautar mace?"

Babbar rigar ta yi masa yawa nan take. Ya ja baya, ya ja baya, har ya bi ta bayan mutane.

Huraira ta saki numfashi. Sai dai Baba bai sake fuska ba.

"Wannan bai goge komai ba," ya ce. "Abin da ya faru ya faru."

"Na sani, Baba."

Misbahu ya ɗauki ashanar da Rabi'u ya yar, ya zaro tsinke. Ya ƙyasta.

Wutar ta kama a bakin ashanar.

Huraira ta runtse ido.

"Kashe!"

Ta buɗe. Baba na tsaye, ya riƙe wuyan hannun Misbahu gam, shi da kansa ya hure wutar.

"Kashe na ce..." Muryarsa ta dushe. "Na taɓa tsayawa ina kallon wuta tana cin abin da ba zan iya mayarwa ba. Ba zan sake ba. Ba a ƙofar gidana ba."

Ya saki hannun. Ya sunkuya a hankali ya ɗauki ɗaya daga cikin jiragen, kananzir na ɗiga daga fiffikensa. Ya juya shi, ya shafa jikin da babban yatsa, ya duba ƙananan tagogin.

"Duk da wuƙa ka fitar da wannan?"

"Da wuƙa da sanfefa, Baba."

"Layin nan fa?"

"Huraira ce."

Baba ya gyaɗa kai. 

"Ka iya mota?"

Misbahu ya ɗago.

"Na'am?"

"Babbar mota mai bodin katako. Ba ni da hotonta. Shi ma Inuwa ba ni da nasa, ko ɗaya." Ya ajiye jirgin. "Kanta shuɗi ne. Bodin ja da rawaya, shi ya zaɓi kalar, muka yi ta faɗa na ce ta yi kama da zanen amarya. Akwai inda ya ɗaura carbinsa a jikin madubi..."

Hawaye suka gangaro cikin furfurar gemunsa, bai share ba.

Huraira ba ta taɓa jin ya ambaci sunan nan ba sai yau.

"Zan iya, Baba." Misbahu ya gyara durƙuso. "Amma ba hoto, sai dai in kana kusa kana gyara min."

"To ai sai in riƙa zuwa. Ina ne shagon?"

"Bayan kasuwar Tarauni."

"Kwashe kayanka ka wanke su, kafin fentin ya tashi. Ka rataye su inda suke. In na zo... sai dai in zauna a bakin ƙofa tukuna."

Ya juya zai shiga gida, ya ci karo da kayan gaisuwar a soro. Ya tsaya.

"Huraira!"

"Na'am, Baba..."

"Wa ya tare min hanya da waɗannan? Ce wa innarki ta mayar da su ɗaki."

Ta miƙe. A bakin ƙyaure ta waiwaya.

Misbahu na durƙushe cikin kananzir da ƙasa, yana ɗaukar jiragensa ɗaya bayan ɗaya, yana goge kowanne da gefen rigarsa ta Juma'a. Ya ɗago ya dube ta, yana dariya yana kuka.

"Amarya," ya ce ƙasa-ƙasa, "ki nemo min ja da rawaya."