Na Ciki, Turo Mana

Rana ta yi ja, maƙwabta sun fara kunna fitilu, lokacin da tsakuwa ta faɗo cikin kofin shayin Mai Fitila. Ya tsamo ta da cokali ya duba. 'Yar ƙarama ce, irin wadda shi da kansa ya manna da gam a gefen layin jirginsa na wasa.

Mai Fitila tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, mai canza wa jirage layi. Ranar da aka kawo na'urar da za ta gaje shi, ko sannu ba a ce masa ba, kwaɗo kawai ya tarar an garƙama a ƙofar rumfarsa. Duk wanda ya taɓa zama da shi ya ji wannan labari har ya haddace. Don huce haushi ya mai da ɗakin baya tasha: faffaɗan tebur, gadoji, da dutsen kwali mai rami. Bayan dutsen, a ƙarƙashin tebur, akwai ɓoyayyar ma'ajiya inda jirage ke fakewa. Baƙi su ga jan jirgi ya shige rami, kore ya fito, su yi ta tafa wa tsoho. Ba su san Auta, ƙaramar 'yarsa, ce ke durƙushe a duhu tana sauya su ba. Tun tana firamare take wannan aiki har ta zama budurwa. Shi dai nasa ya bugi tebur ya ce, "Na ciki, turo mana!"

Da Auta ta tafi hutu gidan goggonta, yayanta injiniya ya zo da wayoyi da 'yan na'urori masu jin wucewar jirgi. Ya jera su a ma'ajiyar, ya haɗa da kwamfuta, ya toshe mashigar da katako. Tsoho baki har kunne. Auta ta dawo ta ga jirage na shiga suna fita da kansu. Ta daɗe tsaye tana kallon katakon, sannan ta wuce ɗakinta.

Tun daga ranar da ta faɗo masa a shayi, tsakuwa ba ta daina faɗowa ba. Da magariba ta yi sai a ji ta a kan kwano, a cikin tukunya, a kan gado. An zare wuta daga bango, amma jirage suka ci gaba da zagaye a hankali cikin duhu. Wata yamma Mai Fitila ya ji muryarsa, tasa ta kansa, tana fitowa daga ƙarƙashin tebur: "Na ciki, turo mana."

"Ka je ka dubi 'yarka," in ji matarsa.

Auta na durƙushe gaban katakon tana kartarsa da farce har jini, idanunta sun juye. Tsoro ya kama shi, ba don gidan ba, don ita.

Malamin da aka kira dattijo ne marar gaggawa. Ya zauna kusa da ita ya yi ta karatu har ɗakin ya yi tsit. Can Auta ta ɗago kai, wata murya mai kauri ta fito daga bakinta.

"Ya isa, malam. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai? Me yarinyar nan ta yi maka?"

"Ita ba ta yi min komai ba. Ni ne na ciki. Tun tana ƙarama tana kuka don tsoron duhu nake zaune gefenta. In jirgi ya sauka daga layi ni ke mai da shi. Kullum wannan mutumin ya kira, mu amsa. Rana ɗaya ya rufe mu da katako kamar tsumma." Kan Auta ya juyo wajen uban. "Kai da ka ishi duniya da labarin kwaɗo."



"Jikinta ba gidanka ba ne," in ji malam. "Za ka fita."

"A bar min ma'ajiyar."

"Ba zama tsakaninku kuma."

Muryar ta yi ƙasa. "To, ya cire katakon da hannunsa. In tura jirgi ɗaya. Ya ce ya gode, ya sallame ni yadda ake sallamar ma'aikaci."

Tsoho ya ɗauko sukundireba, ya kwance katakon. Ya bugi tebur, ya yi kiran da ya saba. Koren jirgin ya fito daga rami, ya zagaya, ya tsaya a gabansa.

"Na gode," ya ce. "Allah ya saka. Ka sauka lafiya."

Wata iska mai sanyi ta bi ta ƙafafunsu ta fice ta taga. Auta ta zube a jikin uwarta.

Da ta farfaɗo aka ba ta ruwa. Mai Fitila ya tsuguna gabanta da murna, yana cewa ya tafi, komai ya wuce. Ta dubi ramin da ya buɗe, ta dubi yatsunta, ta yi magana da muryarta ta kullum.

"Shi ka sallame shi, Baba. Ni fa?"