Asusun Matar Direba

Matar direba ta kifa kwalbar man girki a kan tukunya tana jiran ɗigon ƙarshe ya sauko, amma hawayenta ya riga shi sauka. Wata bai ko raba ba, ga shi gwangwanin awo har ya fara kankarar gindin bokitin shinkafa! Daga ɗaki tana jiyo numfashin Auta, 'yarta mai ciwon asma, yana fita da ƙara kamar ana busa ƙaramin usur, ɗanta na fari kuma yana zaune a bakin ƙofa yana cusa kwali a cikin takalmin makarantarsa da ya huje. Ta sa gefen mayafi ta share ido don kada su gani, ta ce a hankali, "Ya Allah, kai ka san halin da muke ciki... ka sa albarka a ɗan abin nan."

Marainiya ce, ba uwa ba uba, abin da ta gada a duniya keken ɗinkin mahaifiyarta ne kawai. Mijinta direban babbar mota ne a wani kamfanin gine-gine da ke can nesa, sai ya shekara bai leƙo gida ba. Da yake ba ta da asusun banki, ta hannun wansa yake turo kuɗin gida, wanda kowa ke kira Yaya, mutumin da ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu har ya zame masa uba. Duk ƙarshen wata Yaya zai zo da sabuwar mota yana ƙamshin turare, ya miƙa mata 'yan kuɗi yana girgiza kai. "Ke dai ki yi haƙuri, an rage masa albashi. Kada ki kuskura ki yi masa ƙorafi a waya, mutum yana kan titi da babbar mota, ki tayar masa da hankali ya je ya yi haɗari." Sai ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu. "Mun gode Yaya, Allah ya ƙara girma." In mijin ya kira, abin da take ce masa ke nan, "Mun ga saƙo, Allah ya ƙara buɗi."

Wahala ta koya mata tattali. Da kuɗin sun shigo sai ta zauna a bakin gado ta kasa su: wannan na haya, wannan na makaranta, wannan na wuta da ruwa, abin da ya saura na ciki. Takan haɗa kuɗi da maƙwabta su sayi buhu su raba, ba ta zuwa kasuwa sai yamma lis, lokacin da masu kayan miya ke karya farashi, guntayen sabulu kuwa tara su take ta cure su su koma guda. Ɗan abin da ta samu a facin kaya da ɗinkin yara, ko yunwa za ta kashe ta ba ta taɓa shi, sai ta jefa a wani gwangwanin madara da ta huda wa murfi ta tura ƙarƙashin gado, saboda ranar da ciwon Auta zai tashi. Dangin miji suka sa mata suna 'Yar Ƙanƙamo. Matar Yaya ma in ta zo har dariya take tana cewa, "Gidanku ko ƙuda ya shigo sai ya fita da yunwa!" Ita dai murmushi take, ta haɗiye.

Ran nan kwatsam sai ga maigidan ya dawo ba sanarwa, Yaya na biye da shi. Ta taso da gudu fuska cike da murna, "Oyoyo! Baban yara, sannu da..." Ba ta ƙarasa ba, domin ko kallonta bai yi ba. Ya wuce kicin ya buɗe firij, ba komai sai robar ruwa. Ya dubi wuyan ɗansa da ya zama kamar tsinke, ya ɗaga takalmin nan kwali ya faɗo ƙasa. Ya juyo kanta.

"Ashe gaskiya ne? Ina can ina kwana a kan sitiyari, ina turo rabin albashina, ke kuma kina nan kina kashe min 'ya'ya da yunwa?"

"Rabin albashi?" Ta dafe ƙirji. "Wallahi abin da Yaya ke ba ni, in na cire haya da..."

"La ilaha illallahu!" Yaya ya tafa hannu. "Ni za ki yi wa sharri? Ni da har daga aljihuna nake ƙara miki? Ƙanena, na daɗe ina faɗa maka ɓoye kuɗin take, so take ta tara ta gudu. In ƙarya nake, bincika ɗakin nan!"

Mijin ya shiga ya hau watsi da kaya, ya ɗaga katifa, ya leƙa ƙarƙashin gado. Sai ga gwangwani! Ya sa wuƙa ya farke murfin, tsofaffin takardun kuɗi duk sun nannaɗe da tarin silalla suka zube a kan siminti. Ta zube a gabansa ta riƙe ƙafarsa. "Baban yara, don girman Allah ka saurare ni... kuɗin ɗinkina ne, na asibitin Auta ne, ban taɓa cin kwabonka ba..." Ya fizge ƙafarsa. Tsakanin mutumin da ya raine shi da matar da aka kama da kuɗi a ƙarƙashin gado, wa zai gaskata? "Tashi ki bar min gida! Yaran kuma ki ajiye min su." Yaya ya durƙusa yana tattara kuɗin yana cewa, "Bari in adana maka, kada su sake bin iska."

Haka ta fita tana jan keken ɗinkinta, Auta na ihu tana miƙo hannu, "Umma! Umma kada ki tafi!" Maƙwabta sun fito ƙofa suna kallo, wasu na salati, wasu na cewa ai daman mai shiru-shiru abin tsoro ce. Ba ta da inda za ta sai wurin wata tsohuwar gwaggonta mai ɗaki ɗaya a bayan kasuwa. Nan ta raɓe, ba ta iya cin abinci, kullum goshinta na ƙasa tana kuka. "Ya Allah, ban roƙe ka ka saka min ba, ka dai tsare min 'ya'yana... ka wanke ni ko bayan raina ne."

Shi kuwa direba ya ɗauki riƙon gida a hannunsa, yana ganin abu mai sauƙi ne. Kafin mako ya zagayo kuɗin da ya zo da su sun narke, yau burodi da ƙwai, gobe abincin sayarwa, ga mai wuta ya zo, ga makaranta sun aiko. Ana cikin haka wata safiya Auta ta tashi tana kokawa da numfashi, leɓɓanta suka sauya launi, idanunta suka kakkafe. Ya sungume ta sai asibiti. Aka sa mata iska, aka ce sai an kwantar da ita, ya je ya biya kuɗin gado da magani yanzu-yanzu. Ya laluba aljihu, wayam! Ya kira Yaya, waya a kashe. Ya ruga gidansa, matar Yaya ta fito ido jajir ta ce tun asuba ya tafi ofishin masu ninka kuɗi, kamfanin nan da ke cewa ka zuba kaɗan ka kwashi ninki biyu a wata.

Ya nufi ofishin a guje. Titi ya cika maƙil, mata na birgima a ƙasa, maza na dukan ƙofar ƙarfe da aka garƙame da kwaɗo. Masu kamfani sun kwashe komai sun gudu! A tsakiyar taron ga Yaya, ba hula, riga a yage, mutanen da ya yi wa dillanci suka zuba kuɗinsu sun shaƙe masa wuya suna cewa ya fito musu da haƙƙinsu. Shi kuma yana kuka wiwi kamar yaro, bai san wa ke tsaye a bayansa ba.

"Ku sake ni, ni ma an cuce ni! Wallahi na fi ku asara! Gidana na jinginar, kuɗin da ƙanena ke turo wa iyalinsa shekara da shekaru kashi biyu cikin uku nan nake zubawa, har kuɗin asusun gwangwanin matarsa na kawo jiya-jiyan nan..."

"Yaya?"

Yaya ya waiwayo. Sai ga ƙanensa tsaye.

"Yaya... me ka ce? Kashi biyu cikin uku? Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Kana nufin da kashi ɗaya ta riƙe min gida, ta biya haya, ta biya makaranta, har ta yi ajiya? Ni kuma na kore ta a gaban 'ya'yanta?" Ya ɗora hannu biyu a ka. "'Yata tana can za ta mutu, Yaya! Kuɗin numfashinta ka kawo wa ɓarayi!" Ana cikin haka 'yan sanda suka ratsa taron, mutane suka nuna shi, aka sa masa ankwa aka tura shi mota.

Direba ya koma asibiti a guje yana tunanin gawa zai tarar. Yana ɗaga labulen ɗakin ya daskare. Ga Auta kwance ana ƙara mata ruwa, ƙirjinta na hawa da sauka a hankali, ga uwarta zaune ta riƙe mata hannu, ta rame ta yi zuru-zuru. Wata maƙwabciya ce ta buga mata waya. Malamar jinya ta ce masa, "An biya komai, malam. Baiwar Allahn nan ta shigo ko takalmi babu."

"Da me kika biya?" ya tambaye ta.

"Na sayar da keken Innata."

Sai ya zube a kan gwiwoyinsa a gaban marasa lafiya da masu jinya, ƙato da shi yana rusa kuka. "Na zalunce ki... na zalunce ki, Maman yara! Ban cancanci ki dube ni ba, amma don Allah ki yafe min." Ta dube shi hawaye na zuba, ta ce, "Tashi, mutane na kallonka. Korar ba ta yi min ciwo kamar yadda ka ƙi tambayata ko sau ɗaya ba. Na yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Da aka sallami Auta, da kansa ya bi maƙwabta gida-gida yana faɗa musu gaskiya, ya kai ta banki aka buɗe mata asusu da sunanta, albashinsa ya koma shiga hannunta kai tsaye. Kafin shekara ta ƙare yara sun murmure, ta sayi wani keken, ta kama ɗan shago a bakin titi har da masu koyon ɗinki. Yaya kuwa kotu ta ɗaure shi, aka sayar da gida da mota aka rage wa mutane asara, iyalinsa suka koma ɗakin haya.

Wata rana da hantsi tana shago sai ta ji sallama ƙasa-ƙasa. Matar Yaya ce, mayafi ya koɗe, ta tsaya a bakin ƙofa ta kasa haɗa ido da ita. Matar direba ta miƙe a razane. "Subhanallahi! Anti, ke ce? Shigo mana." Matar ta buɗe tafin hannunta, 'yan kuɗi ne da ba su taka kara sun karya ba, ta fashe da kuka.

"Ba roƙo na zo ba... abin da na samu ke nan a wankau, kuma yara huɗu ne. Don Allah ki koya min yadda ake yi su kai ƙarshen wata."

Matar direba ta ji nata idon ya ciko. Ta jawo mata kujera, ta kashe keken da ke aiki, ta ce, "Zauna, Anti. Share hawayenki. Fara cire na haya tukuna."